Wasiƙa daga Maiduguri bayan ruwan Alau

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya karatu da zaman Alƙahira? Na ga kiranka da saƙonninka, ka yi haƙuri da shirun da na yi. Wallahi wayar ce ta mutu a hannuna kwana biyu cur.

Ka dai ji abin da ya same mu. Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malalo cikin gari mutane na barci. Rabon Maiduguri da irin wannan ambaliya tun 1994. Ina Kano a lokacin, Hajiya kuma tana unguwar Gwange, lambarta ba ta shiga. Laraba da asuba na kama hanya.

A cikin mota kowa ya duƙufa kan WhatsApp. Wannan ya ce hanya ta yanke, wancan ya nuna bidiyon da ba a san ma garin da aka ɗauke shi ba. Ni ma na biye musu har cajina ya kusa ƙarewa, hankalina kuwa sai ƙara tashi yake. Sai a tashar Damaturu na samu labari mai tushe, daga bakin wani direba da ya fito Maiduguri da safiyar nan, taɓo har gwiwar wandonsa. Ya ce babbar hanya lafiya lau, mu dai yi sauri kafin a rufe ta da yamma, amma gari ya rabu biyu: ruwa ya shanye gadar Lagos Street da ta Gwange, sai kwalekwale da manyan motocin sojoji ke ƙetarawa.

Wani dattijo a gefena yana da 'yar rediyo mai batir, ya ɗaure murfinta da kyauro. A nan muka ji an sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke Maiduguri, muka kuma ji gargaɗin kada a shiga ruwa saboda kadoji da macizan gidan zu na Sanda Kyarimi sun fita.

Da na iso babu wuta, wayata ta ɗauke, duk lambobina suna cikinta. Ta ƙanwata da ke Kano kaɗai na haddace. Wani bawan Allah mai layi daban ya ara mini tasa, kira ya ƙi shiga, amma gajeren saƙo ya tafi. Daga nan muka tsayar da shawara duk wanda ya ji wani abu ya tura mata. Ita ce ta samu saƙon maƙwabcinmu cewa an ga Hajiya a Bakassi. Ranar Juma'a na same ta zaune a kan tabarmar aro, carbi a hannu, magungunanta ƙulle a leda a gefen zane. Da ta ɗago ta gan ni, na kasa cewa komai.

Yanzu ruwa ya janye, muna kwashe laka daga ɗakuna, ruwan sha kuma sai an tafasa saboda tsoron kwalara. Na rubuta lambobin 'yan uwa a takarda na sa a aljihu, taka tana ciki. In za ka zo hutu, don Allah ka taho wa Hajiya da ƙaramar rediyo mai cajin rana, ruwa ya tafi da tata.

Tana gaishe ka ƙwarai, ta ce ka sa mu a addu'a.

Naka amini