Likita ya ce na warke, maigidana kuma ya ce son jiki ne

Assalamu alaikum Malama. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ki da ki sakaya sunana idan za ki buga wannan wasiƙa, domin wasu daga cikin waɗanda zan ambata suna karanta shafinki.

Daren jiya na ji maigidana yana waya da yayarsa, yana zaton na yi barci, sai na ji ya ce mata: "Ai likita ya ce ta warke tun tuni, abin da ya rage son jiki ne kawai." Tun daga lokacin ban runtsa ba, kuma da asubar nan nake rubuto miki, don haka idan labarin ya zo a hargitse ki yi haƙuri da ni.

Wata 14 ke nan da kaska ta cije ni a bayan gwiwa, bayan mun fita yawo cikin daji mai dogayen ciyayi, cizon da ya sa mini wata cuta da ake kira Lyme. Ba irin ƙatuwar kaskar da ake gani a jikin shanu ba ce, domin ba ta kai ƙwayar riɗi ba, shi ya sa sai da ta kwana biyu a jikina kafin na lura da ita. Maigidana ne ya cire ta, kuma cirewar ganganci ya yi mata: ya shafa mata mai, ya matse ta da yatsa, yana dariya yana cewa na cika raki. Daga baya na karanta cewa da matsefata ake kama ta daf da fata, a ja a hankali ba tare da an matse cikinta ba. Na san an ce galibi sai ta wuce awa 24 a manne kafin ta sa wa mutum ƙwayar cutar, wato mai yiwuwa aikin gama ya riga ya gama kafin ya taɓa ta, amma duk da haka dariyar nan ba ta fita daga kunnena ba.

Bayan kamar kwana 10 wani jan tabo ya fito a wurin, zagayayye, yana faɗaɗa kullum, ba ya ƙaiƙayi, sai zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya suka biyo baya. Maigidana ya ce makero ne. Da na matsa muka je asibiti, aka gwada jini ba a ga komai ba, aka sallame ni da maganin zazzaɓi. Laifina a nan, idan laifi ne, ban nuna tabon ba, domin an riga an cusa mini cewa makero ne. Ashe gwajin ba ƙwayar cutar yake nema ba, garkuwar da jiki ke haɗawa yake nema, ita kuwa takan ɗauki makonni kafin ta bayyana, kuma tabon shi kaɗai ya isa likita ya fara magani.

Sai a wata na huɗu, da gwiwata ta kumbura har na kasa durƙusawa, wani likitan daban ya ce cutar Lyme ce. Ta samo sunanta daga wani gari a jihar Connecticut ta Amurka, inda a 1975 aka lura yara da yawa suna fama da kumburin gaɓoɓi, sannan a 1982 wani masani mai suna Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar da ke haddasa ta, aka sa mata suna Borrelia burgdorferi. Na haddace waɗannan ne saboda yawan maimaita su ga dangin mijina, waɗanda har yau wasunsu ke ganin ni na ƙirƙiro ciwon. Shi kansa sai da ya yi mako biyu yana kwana a falo don kada ya ɗauka, alhali likita ya faɗa a gabansa cewa mutum ba ya shafa wa mutum.

An ba ni doxycycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana 28. Kumburin ya sace, wannan ba zan musa ba. Amma wata tara ke nan da gama maganin, kuma har yanzu idan na yi shara da safe sai na kwanta har azahar, gaɓoɓina suna ciwo yau nan gobe can, kuma ina cikin magana sai kalma ta ɓace mini kamar an ɗauke ta da hannu. Likita ya duba ko ƙarancin jini ne, ya ce ba shi ba ne. Ya ce akan samu wasu da gajiya da ciwon jiki ke bin su wata shida ko fiye bayan magani, ba a gama sanin dalilin ba, yawanci kuma yana raguwa sannu a hankali. Ya ce in kula da barci, in riƙa tafiya kaɗan kaɗan ina ƙarawa. Maigidana yana zaune aka faɗi duk wannan, amma kalmar "ta warke" kaɗai ya tsinta ya tafi da ita.

Na nemi a sake gwada jinina don in rufe bakinsa, likita ya ce ba amfani, domin garkuwar takan zauna a jini shekaru ko da ƙwayar ta mutu. To da me zan nuna ciwon da ba ya fitowa a takarda? Gaskiya ne shi ya riƙa kai ni asibiti, kuma ya kula da yara lokacin da nake kwance, amma wannan ai nauyi ne da ke kansa, kuma tun da ya yi yake yi mini gorinsa da ido.

A intanet na haɗu da wasu masu irin halina, suka nuna mini wani wuri da ke sa wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya na tsawon watanni. Likitana ya hana, ya ce binciken da aka yi bai nuna doguwar shan irin wannan magani tana kawar da gajiyar ba, ga haɗarin gudawa mai tsanani da shigar wata cutar cikin jini ta robar da ake bari a jijiya. Maigidana ya yi wuf ya goyi bayansa, ni kuwa na san tsoron kashe kuɗi ne ya sa, ba tausayina ba. Tambayata ta farko ke nan: in je a ɓoye da abin da na tara, ko in haƙura?

Ko da yake abin da ya fi ci mini rai shi ne wayar jiya. Ban sani ba ko in tare shi in ce na ji, ko in kira yayar tasa da kaina in yi mata bayani, ko in tattara in tafi gida na ɗan lokaci ya ɗanɗana aikin da yake cewa ba na yi.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A mako na uku na shan maganin na tsallake kwana uku, saboda tashin zuciya ya hana ni cin komai, fatata kuma tana ƙuna da zarar rana ta taɓa ta, kuma babu wanda ya tsaya ya gaya mini yadda zan yi da hakan. Na rama kwanakin a ƙarshe, ban bar ƙwaya ko ɗaya ba, don haka ban ɗauka na yi wani babban laifi ba. Amma kullum dare sai in riƙa tunanin ko kwana ukun nan ne suka bar ni a haka. Ina da ganin likita mako mai zuwa, kuma maigidana ba ya barin in shiga ni kaɗai. Malama, idan na faɗa a gabansa na ba shi sandar dukana har abada, idan kuma na yi shiru likita zai ci gaba da duba ni bai san gaskiya ba. Ta yaya zan ce masa ya jira ni a waje ba tare da ya zargi wani abu ba?

Taki,
Wata baiwar Allah