Amsa ga ƙanena mai tambaya kan manhajar da aka sakar wa jama'a

Assalamu alaikum, ƙanena.

A taron matasa masu rubuta manhaja da aka yi a nan Gombe ka miƙe ka yi mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure ban ba ka amsa mai gamsarwa ba. Ka ce ka rubuta wa kamfanin da kake yi wa aiki manhajar lissafin buhunan masara da wake da suke saye a kasuwar Tudun Hatsi, ka gina ta a kan SQLite, wato wata manhajar adana bayanai ta kyauta, yanzu kana shirin barin aiki, maigidanka kuwa ya ce duk abin da ke cikin kwamfutar ofis nasa ne. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, ya dace amsar ma ta fito fili.

SQLite ba ta maigidanka ba ce, kuma ba taka ba ce. Wani Ba'amurke, Richard Hipp, ya fara rubuta ta a shekarar 2000, daga baya ya sauke haƙƙin mallakarta ya sakar wa jama'a, shi ya sa yau take cikin wayoyin Android da iPhone ba tare da an biya kowa ba. Misalinta rijiyar da mai ita ya yi wakafi ce: kowa na iya ɗiba ya dama kunu ya sayar, amma ba wanda zai kewaye ta da katanga ya ce tasa ce don ya daɗe yana ɗiba. Duk inda ka koma aiki, kana da damar sake ɗauko ta, maigidanka ma haka.

Inda maganar take da nauyi shi ne abin da ka rubuta da hannunka a kanta, wato shafin da ake shigar da adadin buhuna, da lissafin la'adar dillali, da rasit ɗin da ke fitowa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, kuma ta ce haƙƙin yana fara tabbata ne ga marubuci, sai in wata yarjejeniya ta ce akasin haka. Ma'aikacin gwamnati hukuncinsa daban ne, don abin da ya rubuta a bakin aiki na gwamnati ne. Kai da ke kamfani mai zaman kansa, amsarka tana cikin takardar ɗaukar aikin da ka sa wa hannu, wadda nake kyautata zaton ba ka sake buɗe ta ba tun ranar farko. Idan akwai sakin layin da ya miƙa wa kamfani abin da ka ƙirƙira, to ka bar musu shi cikin mutunci, domin alkawari kaya ne. Sunayen dillalai da basussukansu kuwa amana ce, ko da yaya takardar ta kasance, kada ka fita da su.

Akwai kuskuren da ke damuna ƙwarai, don na sha ganinsa wajen matasanmu. Ganin rubutun manhaja a buɗe a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ba ya nufin an sakar wa jama'a. Wanda ba a rubuta masa lasisi ba, wato sharuɗɗan izinin amfani da shi, yana nan a hannun mai shi, lasisin MIT yana wajabta a bar sunan mai haƙƙi da sanarwarsa, lasisin GPL kuma yana wajabta maka buɗe naka rubutun idan ka rarraba manhajar da ka haɗa da ita. Ko masu SQLite ba sa karɓar gyara daga wanda bai sa hannu a takardar sauke haƙƙinsa ba, kuma suna sayar wa kamfanoni takardar shaidar izinin amfani da ita, saboda ba kowace ƙasa ce ta amince mutum ya sauke haƙƙinsa haka ba.

Kafin ka ajiye aiki, zauna ka rubuta jerin duk abin da ka ɗauko daga waje, da inda ka samo shi, da lasisinsa, ka ware shi daga naka rubutun. Ka ba maigidanka kwafi, sannan ka kai wa lauya ɗaya kwafin tare da takardar ɗaukar aikinka ya karanta muku ita ku biyun.

Wassalam,
Yayanka a wannan sana'a, daga Gombe.