Wasiƙa kan gyaran jirgin Lancaster na East Kirkby

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Yaya garejin, yaya haƙuri da yaran aiki?

Ka tambaye ni abin da ya sa jirgin da injinansa huɗu ke tashi, har yana yawo da mutane a fili, aka shekara da shekaru ana gyaransa bai bar ƙasa ba. Jirgin shi ne Lancaster, samfurin jirgin jefa bam na Birtaniya, mai lamba NX611, wanda ake kira Just Jane, a East Kirkby ta Ingila. An ƙera shi a 1945, bai kai ga jefa bam ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, sai sojan ruwan Faransa suka yi aiki da shi. Wasu manoma biyu wa da ƙane, Fred da Harold Panton, suka saye shi a 1983 don tunawa da yayansu Christopher da ya rasu a harin jirage da aka kai birnin Nuremberg na Jamus a 1944. Cikin Lancaster 7,377 da aka ƙera, biyu kawai ke tashi sama yau, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada.

Matsalar tana jikin jirgin, musamman ribit, wato ƙusoshin da ke riƙe da fallayen alminiyam. Da yawansu na haɗin maganiziyam ne. Idan danshi ya shiga tsakanin ƙarfe biyu mabambanta, mai raunin ne ke cinyewa, sai ka ga kan ribit lafiya lau a ƙarƙashin fenti, ka taɓa shi ya zube kamar garin alli. Dole a cire su ɗaya bayan ɗaya.

Cirewar ce ke nuna gwani. Za ka fara buga ɗigo a tsakiyar kan ribit, sannan ka huda iya kaurin kan kawai, ka tsaya. Sai ka sa tsinken ƙarfe cikin hujin ka karya kan, wani ya tokare bayan fallen, ka tura gindin ya fita. Mai gaggawa zarcewa yake yi, bakin injin ya goce, ramin ya yi faɗi ko ya koma kamar ƙwai. Ramin inci 1/8 idan ya lalace sai a ƙara shi zuwa 5/32, amma fa ƙa'ida ita ce daga tsakiyar rami zuwa bakin falle a bar ninki biyu na kaurin ribit. In wurin bai isa ba, fallen gaba ɗaya ya tashi aiki.

Wajen sa sabo, gindin zai leƙo da ninki ɗaya da rabi na kaurinsa. Mutum biyu ne ke yi: ɗaya a waje da bindigar iska, ɗaya a ciki, sau da yawa a tanƙware, yana riƙe da dunƙulen ƙarfe. In na cikin ya karkata hannu, gindin ya kwanta gefe, a sake hudawa. Kafin nan an shafa wa fallayen fentin kariya da man haɗi, an kuma kama su da 'yan maƙalai don ramuka su yi daidai.

Abu ɗaya da na san zai ba ka mamaki: ba a goge tsatsar alminiyam da burushin waya na ƙarfe. Ɓurɓushinsa na maƙalewa ya haifar da sabuwar tsatsa, kuma yana kankare siririn rufin tsantsar alminiyam da ke kare fallen. Manyan ƙashin fiffike kuwa ido ba ya isa. Ana shafa musu jan ruwa mai shiga tsaga, a goge, a fesa farin gari, sai tsagar ta fito ja; wasu wuraren sai na'urar lantarki ko hoton ƙashi.

Kafin a kwance kowane sashe, ana ɗaure shi a gadon ƙarfe da aka auna, domin fallayen nan su ne ƙarfinsa, da an cire su zai murɗe. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta aro. Kuɗin gyaran yana fitowa ne daga masu biya a zaga da su a bazara, don haka ba a son jirgin ya zauna. Sai suka aro sashen baya na wani Lancaster mai lamba KB976, suka gyara shi suka ɗaura, na ainihin ya shiga gado.

Injinan Merlin ne na Rolls-Royce, silinda 12, lita 27 kowanne. Zama ne babban abokin gabarsu, shi ya sa ake tura musu mai kafin a tayar.

Masu aikin sa-kai su ne ke kankare fenti, da wanki, da jera sassa da sa musu lamba, amma duk abin da zai tashi sama sai injiniya mai lasisi ya duba ya sa hannu, kuma ko ƙusa ɗaya ce sai da takardar asalinta.

In ka sami fallen alminiyam a garejin, ka gwada wa yaranka cire ribit yadda na faɗa, ka rubuto min yadda ramukan suka fito. Ka gaida Hajiya da yara.

Wassalam,
naka amini.