Ba nauyin haraji ne ya sa Amurkawa ɗaukar makami ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

A shirinku na tarihi an ce mazauna yankuna 13 na Amurka sun yi wa Ingila tawaye ne don haraji ya yi musu katutu. Maganar na bukatar gyara. Harajin ganyen shayin da ake ta ambato taro ne kacal, wato kwabo uku a kan kowace laba, kuma dokar 1773 ma arha ta sa shayin ya yi. Amma duk da haka a Disambar shekarar suka tuttular da akwatin shayi 342 cikin ruwa a tashar jiragen ruwan Boston.

Abin da suka tsaya a kai shi ne wa ke da hurumin ɗora harajin. Ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan, ga kuma dokar 1766 da majalisar ta ce tana da ikon yi musu doka a kan komai. Suka ce in aka yarda da taro yau, babu abin da zai hana fam gobe. Sai shari'ar masu fasa-ƙwauri a kotunan harkokin teku, inda ba a zaunar da masu taya alƙali yanke hukunci, da rufe tashar Boston a 1774, da kwace wa Massachusetts, yankin da Boston take, ikon zaɓen majalisar mashawartanta.

Ko bayan an gwabza a garuruwan Lexington da Concord da ke kusa da Boston ranar 19 ga Afrilu 1775, inda kwamandan sojan Ingila, Janar Gage, ya tura soja kusan 700 su kwashe makamai, ba 'yancin kai suka nema ba. Takardar da biyu daga cikin wakilan yankunan, Thomas Jefferson da John Dickinson, suka tsara, ta ranar 6 ga Yuli, cewa ta yi kare kai suke yi, ba ɓallewa ba. Sun ma aika wa Sarki George na Uku koken sulhu, ya ƙi karɓa, ya ayyana su 'yan tawaye a watan Agusta. Daga nan laifi ya tashi daga kan majalisa ya koma kan sarki, shi ya sa sanarwar 'yancin kai ta 4 ga Yuli 1776 ta jero masa tuhuma 27.

Akwai kuma hujjar da ba a cika son faɗa ba. A Nuwamba 1775 gwamnan da Ingila ta naɗa wa yankin Virginia, Lord Dunmore, ya yi alkawarin 'yanta bayin 'yan tawaye da suka gudo suka yi wa Ingila yaƙi. Masu gonakin taba da dama da ke jan ƙafa a lokacin suka yanke shawarar mara wa tawayen baya, kuma tuhumar ƙarshe a cikin 27 ɗin ita ce sarki yana zuga bore a cikin gidajensu.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya