Darasin ruwa ya fara daga bakin randa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni malamar firamare ce a ƙaramar hukumar Kura ta Jihar Kano, aji biyu nake riƙewa, yara 'yan shekara bakwai zuwa takwas. Roƙo ne ya sa na ɗauki alƙalami: jaridarku ta ware wa yara fili, ko da rabin shafi ne a mako, a riƙa yi musu bayanin abubuwan da suke taɓawa kullum, da harshen da suka sha a nono. Kuma ina so a fara da ruwa.

Zangon karatun da ya wuce na tambayi 'yan ajina amfanin ruwa. Suka ɗauka baki ɗaya da Turanci, yadda suka haddace: sha, wanka, girki, wanki. Na yaba musu, sannan na ce, to wa zai gaya mini abin da ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi? Aji ya yi tsit. Ga yara kusan sittin, kowannensu da randa ko tulu a gidansu, kowannensu ya sha daga ciki da safen nan, amma ba wanda aka taɓa zaunar da shi aka nuna masa. Ban ga laifin yaran ba. Mu manya ne muka ba su jerin kalmomi huɗu muka ɗauka darasi ya ƙare.

Ranar na ba su aikin gida. Kowa ya nemi gwangwani da tsakuwa. Daga asuba har a kwanta, duk lokacin da ya taɓa ruwa, ko ya ga an taɓa a gidansu, ya jefa tsakuwa ɗaya. Washegari wata yarinya ta juye nata a kan teburina, muka ƙirga tare, tsakuwa 31. Ta tsaya tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya: wannan ta alwalar Baba ce, wannan ta wanke wa ƙanina fuska, wannan Inna ta jiƙa waken ƙosai, wannan ta yayyafa wa gero kafin surfe, wannan na yayyafa wa tsakar gida kafin shara don kada ƙura ta tashi, wannan ta akuya, wannan ta kaji, wannan na wanke allona, wannan kuma Yaya ya ƙara wa tawada. Wani yaro da mahaifinsa direba ne ya ce shi ya ga an zuba wa mota ruwa a lagireto. Wani ya ce ana yaɓe a gidansu, da ruwa aka kwaɓa ƙasar. Kafin a tashi allon ajin ya cika, kuma ba kalma ɗaya da ta fito daga bakina. Shi ya sa Bahaushe ya ce ruwa abokin aiki.

Daga nan na koma jikinsu. Masana sun ce kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne, na jariri ma ya fi haka. Yaro ɗan shekara bakwai bai san kashi cikin ɗari ba, don haka sai na zo da tumatir biyu, ɗaya ɗanye jawur irin na Kadawa, ɗaya kauɗa. Na ba su suka yi ta juyawa a hannu. Na ce, me ya fita daga wannan har ya yamushe? Suka ce ruwa, rana ta shanye. Na ce to haka jikinku yake. Gumi ruwa ne, hawaye ruwa ne, yawu da fitsari ruwa ne, jinin da ke kai abinci ko'ina a jikinku yawancinsa ruwa ne. Kullum yana fita, dole kullum a mayar. Mutum na iya yin makonni ba abinci, amma kwanaki kaɗan zai yi ba ruwa.

A nan nake daɗewa, Edita, domin a nan rai yake. Yawancin 'yan matan ajina su ne 'yan rainon ƙannensu. Idan jariri ya kamu da gudawa, sau da yawa su ne suke fara gani. Nakan ce musu: in kun ga idon ƙaninku ya zurma, leɓensa ya bushe, maɗigarsa ta faɗa, ya daina fitsari, to ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, ku ruga ku gaya wa babba. A ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, a kai shi asibiti. Na ƙunshi da ake samu a asibiti da kyamis shi ya fi, a juye shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikin takardar. In babu, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mun haɗa shi a aji, kowa ya ɗanɗana, na ce kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Ba don yaro ya zama likita nake koya musu ba, sai don in wata tsohuwa ta ce a hana mai gudawa ruwa kada cikin ya ƙara tsinkewa, a samu mai cewa, a'a Kaka, Malama ta ce a ƙara masa.

Amsar randa kuwa, da yatsa muka same ta. Kowa ya tsoma yatsa a ruwa ya ɗaga ya hura masa iska, suka ce sanyi. Na ce ruwan da ke bin iska yana tafiya da zafi. Jikin randa yumɓu ne mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan, iska na kwashe shi, na ciki yana yin sanyi. Jarkar roba ba ta da ƙofofin nan. Kuma aikin da gumi yake yi muku ke nan a watan bazara. Wata ta ce shi ya sa Innarta ke lulluɓa wa tulu jiƙaƙƙen buhu. Na ce ta koma gida ta gaya wa Inna cewa kimiyya take yi.

Sai tambayar da yara suka fi so: daga ina ruwan sama yake zuwa? Na zo da tukunyar ruwan zafi, na ɗaga murfi suka ga tururi, na juya musu cikin murfin suka ga ɗigo-ɗigo yana gangarowa. Na ce rana ce wutar, teku da tafki da kogi su ne tukunyar, tururin ya hau sama ya haɗu da sanyi ya zama gajimare, in ya yi nauyi Allah ya sauko da shi. Ruwan da ya fita daga rigarku a kan igiyar shanya bai ɓata ba, sama ya tafi. Ban ga saɓani tsakanin wannan da abin da suke koya a islamiyya ba. Su da kansu suka karanto mini ayar Suratul Anbiya inda Allah yake cewa daga ruwa ya sanya dukkan abu mai rai.

Yaran Kura da kanal suka buɗe ido, amma da yawa sun ɗauka ita ma kogi ce da aka halitta. Na ba su labarin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, tana tare ruwan damina, a riƙa sakinsa da rani ya biyo kanal har gonakin iyayensu. Shinkafar da ake casa a garin nan, da alkama da albasa da tumatir, da kuɗin takalmin da ke ƙafarsu, duk ruwan nan ne. Da na ce musu a madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 a kan Kogin Kwara, ƙarfin ruwa ne ke juya injin da ke ba da wutar lantarki, wani yaro ya ce, Malama, ai ruwa kashe wuta yake yi! Mun ci rabin awa a kan wannan, kuma ban ga ta tafi a banza ba.

Don su san abin ba shi da yawa kamar yadda ake gani, na jera murafun kwalba 100 a ƙasa, na ce wannan ne ruwan duniya gaba ɗaya. Na ture 97 gefe, na teku ne, gishiri, ba ya shawuwa kuma ba a ban ruwa da shi. Cikin ukun da suka rage na ɗauke biyu, ƙanƙara ce a can ƙurewar duniya da kan manyan duwatsu. Saura ɗaya. Na ce da wannan mu da dabbobinmu da gonakinmu muke rayuwa, kuma yawancinsa a ƙarƙashin ƙasa yake.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne in sa su yarda cewa ruwa na iya yin fari tas amma da cuta a ciki. Alif yana kwantar da laka, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tafasawa ce ke kashe su. Nakan ba su labarin kurkunu, don ba su taɓa ganinsa ba. Ina yarinya a ƙauyenmu na ga kawuna zaune a zaure da damina, ƙafa a kumbure, ana naɗe farin zaren tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kowace rana, gonarsa tana can ciyawa na cinye ta. Daga ruwan kududdufi yake shiga. A 1988 an ƙirga mutum sama da 650,000 masu kurkunu a Najeriya. Aka bi ƙauyuka ana raba ƙyallen tace ruwa, ana haƙa rijiyoyi, ana roƙon mai ciwon kada ya tsoma ƙafa a inda ake ɗiba. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun sa hannu a aikin, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da shi. Cutar da babu allurar rigakafinta, sanin yadda ake riƙon ruwa ne ya kawar da ita.

Amma tsargiya tana nan. Yaranmu maza suna ninƙaya a kanal, ƙwayar cutar da ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa ta huda fata, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini ya ɓoye don kunya. Ina gaya musu ciwo ne, yana da magani, a faɗa wa iyaye, kuma kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida a cikin ruwa ko a bakinsa. Amai da gudawa ma ba ta bar mu ba: a 2021 ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Wani lokaci hanyarta moɗa ce kawai. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗar da ke yashe a ƙasa, ya zurma ta cikin randa har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da ragowar. Mun yi wasan kwaikwayon wannan a aji, na shafa wa yaro garin alli a hannu, suka ga yadda ya bazu a kan ruwan. Yanzu sun san randa da murfi, moɗar ɗiba daban mai dogon mariƙi a rataye, kofin sha daban.

Ba zan ɓoye maka abin da ke ci mini rai ba. Ina koyar da wanke hannu da sabulu a makarantar da rijiyar burtsatsenta ta lalace tun bara. Mun rataye jarka a jikin bishiyar darbejiya, muka huda ta, muka ɗaura igiya da sanda a ƙasa, in an taka sai ta karkata ta zubo. Kowane yaro yana zuwa da gora ɗaya daga gida. Gidan ma ba a yalwace yake ba, wasu sai an saya wajen 'yan garuwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 20 a rana. Gida mai mutum takwas lita 160 ke nan, sama da jarka shida masu lita 25. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, wato cikakkiyar jarka ta kai nauyin yarinyar ajina ko ta fi. In ta makara don ta je ɗiban ruwa, ba na dukanta. Ina so iyaye da masu riƙe da hukuma su karanta lissafin nan su ma.

Maganar almubazzaranci ba ta yi musu wuya ba. Na kawo abin awo daidai mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda bai kai lita ɗaya ba, na ce ya inganta cewa da irin wannan yake alwala. Wani yaro ya gwada a gabanmu, ya gama har da saura. Tun daga ranar in ɗaya ya tuntsurar da buta, sauran ne ke yi masa magana.

Roƙona, Edita, ku fara filin kafin 22 ga Maris, Ranar Ruwa ta Duniya. A yi shi da Hausa mai sauƙi da manyan baƙaƙe, kowane mako tambaya ɗaya da gwaji ɗaya da za a iya yi da kayan cikin gida, yadda uba zai karanta wa 'ya'yansa bayan magariba, malamin ƙauye kuma ya yanke ya liƙa a bangon aji. Ku ba yara dama su aiko da tambayoyinsu. Ina da darussa shida a rubuce, in kuna so zan aiko. Ga ma ta farko daga ajina: wani yaro ya tambaye ni ina rijiya take samun ruwa da rani alhali ba a ruwan sama. Na yi masa alkawarin ranar Litinin zan zo da bokitin yashi da butar ruwa, mu zuba, mu tona rami a tsakiya mu gani.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Taku,
Malamar aji biyu,
Kura, Jihar Kano.