Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kan Shirin Tunkarar Bala'o'i

Mai girma Antonio Guterres,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da alkawarin da ka ɗauka a watan Maris na 2022, cewa cikin shekara 5 za a samar wa kowane ɗan Adam hanyar samun gargaɗi kafin bala'i ya auka masa. A lokacin ka bayyana cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba su da wannan kariya, a Afirka kuwa kashi 60 cikin 100 ne. Wa'adin zai cika a ƙarshen 2027, kuma abin da ke damuna shi ne kada a tsaya ƙirga na'urorin hasashen yanayi da saƙonnin waya a ce aiki ya kammala, alhali gargaɗi ba ya ceton rai sai wanda ya ji shi ya gaskata, kuma yana da inda zai nufa.

Ranka ya daɗe, Bangladesh ta isa misali. A 1970 guguwar Bhola ta hallaka aƙalla mutum 300,000. Shekara 2 bayan haka aka kafa rundunar 'yan sa-kai daga cikin mutanen ƙauyukan bakin teku, waɗanda ke kafa tutocin gargaɗi, su bi gida-gida da lasifika suna kiran jama'a, kuma ana jin maganarsu domin maƙwabta ne da aka sani. An gina mafaka a kan ginshiƙai masu tsawo, da yawansu makarantu ne a ranakun zaman lafiya. Har tuddan ƙasa aka tayar domin dabbobi, saboda an fahimci cewa talakan da saniya ɗaya ce dukiyarsa ba zai gudu ya bar ta ba, ko da ruwa ya iso ƙofar gida. Da guguwar Amphan ta zo a 2020 an kwashe sama da mutum miliyan 2, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 50 ba.

A Derna ta Libiya kuwa, an san guguwar Daniel na tafe a watan Satumban 2023, amma madatsun ruwa biyu da aka gina tun shekarun 1970 aka yi sakaci da gyaransu suka fashe cikin dare, aka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 4,000. Bayan shekara guda madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Babu hasashen da zai tsare bangon da ya tsage.

Yarjejeniyar Sendai ta 2015, wato tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na tunkarar bala'o'i, ta ɗora wa ƙasashe nauyin zuba kuɗi wajen rage haɗari, amma har yau hannun masu bayarwa ya fi saurin buɗewa bayan an fara ciro gawarwaki, wannan kuwa abin takaici ne ƙwarai. Ina roƙonka ka matsa wa gwamnatoci da bankunan raya ƙasa lamba su ware kaso tsayayye domin duba madatsun ruwa, gina mafaka da horar da 'yan sa-kai, mata da maza, cikin harsunan da jama'arsu ke ji. Idan kuma aka zo kawo rahoton 2027, a faɗa mana ƙauyuka nawa ne suka gwada fita zuwa mafaka tun kafin ranar tsanani.

Na gode. Ka huta lafiya.