Kafin a zargi dawa, a duba ma'auni da zafin tukunya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da matasa da matan aure na nan Katsina da suka rungumi sana'ar kunun zaƙi da abin shan tsiron dawa na gora, musamman waɗanda suka fara aiki da ma'aunin kaurin ruwa da ake kira haidiromita. Masu dafa giya a ƙasashen Turai ne suka fi shahara da wannan ma'auni, wanda suke tsomawa a ruwan tsiro kafin su zuba yis, amma aikinsa nuna yawan sukarin da ya narke a ruwa ne kawai, kuma mu da ba ruwanmu da barasa muna da buƙatarsa ƙwarai.

Kukan da nake yawan ji shi ne, mutum ya sa ran ganin 1.050, sai ma'auni ya tsaya a 1.035, wato sukari bai kai yadda ya so ba, nan take ya ce dawar bana ba ta da kyau, ya kwarara sukarin kasuwa, wani ma har da sakarin. Wannan gaggawa tana damuna, domin tana cinye riba kuma tana ɓoye ainihin kuskuren.

A fara da ma'aunin kansa. Idan an tsoma shi a ruwa zalla, ya kamata ya nuna 1.000, kuma yawancinsu an daidaita su ne a kan zafin digiri 20. Ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka wanda ya auna a digiri 40, zafin da inuwa kanta ke kaiwa a watan Afrilu a garin nan, zai ga ragin kusan maki shida da ba na gaskiya ba, wato kamar 1.050 ta nuna 1.044. Haka kuma wanda ya ƙara ruwa bai motsa sosai ba, ya ɗebo na sama, ruwan da bai gauraya ba ne ya auna. Lissafin ƙarin ruwa kuwa a fili yake: lita 20 mai 1.050, idan ta zama lita 25, za ta koma 1.040.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen zafi. Sitacin dawa ba ya nuna ya saki jiki sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko ya haura, alhali sinadaran da ke cikin tsiro, waɗanda su ne ke mayar da sitaci sukari, suna mutuwa idan zafi ya wuce haka da kaɗan. Wanda ya haɗa komai a tukunya ɗaya ya tafasa ya kashe su, wanda kuma ya ji tsoron wuta ya bar sitacin ɗanye. Iyayenmu mata sun warware wannan tun ba a san ma'auni ba: sukan raba ƙullu biyu, su dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa, su bari ya huce, sannan su zuba ɗanyen da ke da tsiro ko markaɗaɗɗen dankali, su rufe ya kwana. Ko manyan kamfanonin ƙasar nan, da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 suka koma ga dawa, da wannan matsala ta zafi suka yi fama. Mai son tabbatarwa ya ɗiga aidin, maganin nan na shafa wa rauni, a cokali guda na ruwan haɗin, ya zubar bayan gwaji. Idan ya koma shuɗi mai duhu, akwai sauran sitaci, sai a ƙara masa lokaci cikin ɗumi.

Saura niƙa da tsiron. Niƙan da ya yi tsaki-tsaki yana barin zaƙi a cikin dusa, tsiron da aka shanya tun bai yi kwana huɗu ko biyar ba kuma ba shi da ƙarfi. Ina kuma jan kunne da a murje saiwa da ƙaramin ganyen bayan shanya, domin tsiron dawa na ɗauke da gubar nan da ke kashe dabbar da ta ci gyauro.

Ina fatan masu koyar da sana'o'i a jihar nan za su sa awon zafi da gwajin aidin cikin darasinsu.

Wassalam.

Wani malamin kimiyya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.